Ƙarfen Da Yaƙi Ya Bari A Ƙasar Owerri

Jama'ar Ama Hausa da sauran 'yan'uwa mazauna Owerri da kewaye, barkanmu da sake saduwa a filin tarihi. Masu karatu sun saba ganin muna kawo labarin magabata, wato waɗanda suka kafa wannan unguwa da yadda suka zauna da 'yan ƙasa. To yau za mu ɗan sunkuya ne mu dubi ƙasar da muke takawa, domin akwai abin da ke kwance a cikinta wanda ya girmi yawancinmu, kuma yaranmu sun fara kai masa hannu ba tare da sun san ko mene ne ba.

Abu biyu ne suka tayar da wannan magana, duka a daminar da ta wuce. Na farko, wani matashi daga cikin yaranmu da ya yi shekaru a wajen haƙar zinariya a Jado, can arewacin Nijar, ya dawo da na'urar nan mai gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Ya bi rumfunanmu ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai zuba jari, wai a ɗauki yara huɗu ko biyar a tafi Uli da Abagana a riƙa tono "kayan Biyafara". A cewarsa kwanson harsashi farin ƙarfe ne mai tsada, hular kwano da banati kuwa, wato wuƙar kan bindiga, akwai Turawan da ke saye da dala ta intanet.

Na biyu kuma, a wani filin 'yan gwangwan da ke bayan gari, wani yaro ya turo baro cike da tarkacen da ya sayo a ƙauye. A ciki akwai wani abu mai kama da ƙatuwar doya, ya yi tsatsa jawur, yana da 'yar wutsiya mai fikafikai. An ɗora shi a sikeli an auna, har mai wurin ya ɗauko guduma zai fasa ya ga ko akwai tagulla a ciki. Allah ya sa akwai wani dattijo maigadi, tsohon soja, yana gefe yana shan shayi. Da ganin haka ya yar da kofin ya ce, "Kai ɗan nan, ajiye gudumar nan! Kowa ya ja baya!" Mai wurin ya ce, "Haba Baba, ai ruɓaɓɓen ƙarfe ne." Ya ce, "A waje ya ruɓe. Irinsa na yi shekara biyu ina ɗauka a kafaɗa." Ashe harsashin ƙaramar igwa ne, wadda sojoji ke kira mota, ba motar hawa ba fa. An harba shi bai tashi ba, ya kwanta a gonar rogo shekara hamsin da 'yan kai yana jiran guduma.

Bari mu fara da ita na'urar. Ba baƙuwa ba ce sosai, 'yar'uwarta ce ake goga mana a jiki a ƙofar banki ko a ƙofar masallacin Juma'a. Sanda ce doguwa, a ƙarshenta akwai faifai da aka naɗe waya a ciki. Idan wutar batir ta bi wayar sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa ƙasa, in ya ci karo da ƙarfe sai ƙarfen ya amsa, na'urar ta yi ƙara a kunnen mai riƙe da ita. Ƙaramin abu kamar kwabo ba ta jinsa sai yana kusa, kamar taƙi ɗaya ko biyu, babban abu kuwa tana jinsa daga nesa kaɗan. Abin lura, tun asali don yaƙi aka inganta ta. Wani hafsan sojan Polan mai suna Józef Kosacki ne ya ƙera wadda soja zai iya ɗauka a hannu a 1941, aka yi amfani da ita a 1942 a El Alamein ta ƙasar Masar wajen gano nakiyoyin da Jamus suka binne a rairayi. Wato an yi ta ne don a san inda ba za a taka ba. Sai daga baya masu neman dukiya suka mayar da ita abin nuna inda za a sara da diga. Kuma duk tsadarta, ƙara ɗaya take yi wa gwangwanin sardin da gurneti. Tana iya gaya maka wannan baƙin ƙarfe ne, wancan tagulla ne, amma ba za ta gaya maka wanne ne ke da rai ba.

To ta yaya wannan ƙarfe ya shiga ƙasar nan?

Kashi na farko tsoho ne, kuma da hannun kakanninmu a ciki. Daga Nuwamba 1901 zuwa Maris 1902 Turawan Ingila suka yi yaƙin Aro, inda suka tura runduna ta fuskoki huɗu, ɗaya daga cikinsu ta taso ne daga Oguta, nan kusa da mu. Suka ci Arochukwu a ƙarshen Disamba 1901, a 1902 kuma suka kafa bariki a Owerri, suka ajiye joji mai suna Douglas, wanda har yau babban titin tsakiyar gari ke ɗauke da sunansa. Hafsoshi Turawa ne, amma masu ɗaukar bindiga baƙaƙe ne, kuma da yawansu Hausawa ne da sauran mutanen Arewa, tunda Hausa ce ma harshen bariki a wancan zamani. Dattawanmu kan ce bayan sojan nan ne mahauta da 'yan koli da masu shanu suka biyo, har unguwa ta kafu. Wannan ba abin alfahari ba ne, ba kuma abin ɓoyewa ba ne, haka tarihi ya zo. Ƙarfen wancan yaƙi kaɗan ne, gubar harsashi ce da kwansonta nan da can.

Babban kashin na yaƙin basasa ne. Ba za mu tsallake 1966 ba ko da yake magana ce mai nauyi. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu wanda aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a cikinsa, da kuma na 29 ga Yuli, an kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa, musamman a watannin Mayu da Satumba da Oktoba. A nan ma an taɓa namu a matsayin ramuwa, sa'an nan gwamnan soja na Jihar Gabas, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, ya ba da umurni waɗanda ba 'yan Gabas ba su bar yankin. Iyayenmu suka rufe rumfuna suka tafi da abin da hannu zai iya ɗauka. Saboda haka babu wani ɗan kasuwar Ama Hausa da ya ga yaƙin Owerri da idonsa. Waɗanda suka gani daga cikin namu, da kaki suka gan shi, domin sojan Nijeriya da bai wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙi ya kumbura har ya kai wajen 250,000, kuma samarin Arewa da yawa aka ɗiba daga gona da tasha aka ba su horon 'yan makonni aka turo.

Ran 30 ga Mayu 1967 Ojukwu ya yi shelar Biyafara, ran 6 ga Yuli aka yi harbin farko a Gakem wajen Ogoja. Enugu ta faɗi ran 4 ga Oktoba 1967, hedkwatar Biyafara ta koma Umuahia. Onitsha ta faɗi a Maris 1968 a hannun runduna ta biyu ta Kanar Murtala Muhammed, bayan an yi asarar rayuka masu yawa wajen ƙoƙarin ƙetare Kwara daga Asaba. Fatakwal ta faɗi a Mayu a hannun runduna ta uku ta Kanar Benjamin Adekunle, daga nan ya nufo arewa, ya ci Aba a farkon Satumba, ran 16 ga Satumba 1968 kuma birged ta 16 ƙarƙashin Kanar Etuk ta shigo Owerri.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya, domin babu wani babban gari a duk yaƙin da aka yi ta karɓe-karɓe a kansa kamar wannan da muke ciki. Shigar Owerri ta zo wa sojan tarayya da sauƙi, zama a cikinta ne ya zama aiki. Runduna ta 14 ta Biyafara ƙarƙashin Kanar Ogbugo Kalu ta riƙa datse hanyoyin shiga gari ɗaya bayan ɗaya, ta Okigwe da ta Umuahia da ta Aba, daga ƙarshe har ta Fatakwal wadda ta nan abinci da harsashi ke zuwa. Zuwa farkon 1969 birged ɗin nan ta zama kamar kifi a cikin koma. Ba shiga ba fita. Sai dai jirgin sama ya zo ya sako kaya da laima, wani ya faɗa hannunsu, wani iska ta kai shi wajen abokan gaba. Watanni ana haka, kullum ana ruwan igwa daga waje zuwa ciki, daga ciki zuwa waje. Ran 25 ga Afrilu 1969 waɗanda suka rage suka fasa suka fice cikin dare, Biyafara ta karɓe garin. Kwana uku kafin nan, ran 22 ga Afrilu, Umuahia ta riga ta faɗi a hannun runduna ta ɗaya ta Kanar Muhammadu Shuwa, saboda haka sai Owerri ta zama hedkwatar Biyafara ta ƙarshe. A farkon Janairu 1970 runduna ta uku, wadda a lokacin Kanar Olusegun Obasanjo ke jagoranta, ta sake cin garin. Ojukwu ya tashi daga Uli zuwa Kwaddibuwa, Philip Effiong ya yi shelar ajiye makamai ran 12 ga wata, aka sa hannu a barikin Dodan a Ikko ran 15 ga Janairu 1970.

Ku lissafa mana. Sau uku gari ɗaya yana sauya hannu cikin wata goma sha shida, kuma duk hanyar da muke bi yau mu je saro kaya an kafa igwa a bakinta. Ba kowane harsashin igwa da aka harba ke tashi ba. Ƙasar nan mai laushi ce, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, sai harsashi ya nutse cikin taɓo bai sami abin da zai daki kansa ba, ya yi shiru. Sa'an nan akwai wanda aka jibge a rami ba a kai ga harbawa ba aka gudu aka bari. Da yaƙi ya ƙare kuma, sojan Biyafara da yawa sun tuɓe kaki sun binne bindiga da gurneti a bayan gida, ko sun jefa a rafi da masai, suka saje da mutanen ƙauye don tsoron abin da zai biyo baya.

Wurare biyun da matashin nan ya ambata kuwa ba a banza suka yi suna ba. Uli tana kan hanyar Onitsha, cikin Jihar Anambra ta yanzu. Ba filin jirgi ba ne na asali, titin mota ne aka faɗaɗa, amma bayan faɗuwar Fatakwal shi ya zama maƙogwaron Biyafara. Da dare jirage ke sauka, a kunna fitilu na ɗan lokaci kaɗan a kashe. Jiragen ƙungiyoyin coci da ke tasowa daga tsibirin Sao Tome kaɗai sun yi sawu sama da 5,000 da abinci da magani saboda yunwar da ta kashe yara ba adadi, ta nan ne kuma makamai ke shigowa. Don haka jiragen tarayya suka riƙa yi wa wurin ruwan bama-bamai kusan kowane dare fiye da shekara guda. Duk wanda ya ce zai shiga dajin da ke gefen wannan titi da diga, to ya san abin da aka shuka a wurin.

Abagana kuma tana kan tsohuwar hanyar Enugu zuwa Onitsha, gaba kaɗan da Awka. Ran 31 ga Maris 1968 wani ayarin motocin runduna ta biyu, kusan mota ɗari, ɗauke da sojoji da harsasai da mai, ya faɗa kwanton ɓaunar wasu 'yan tsirarun sojan Biyafara ƙarƙashin Manjo Jonathan Uchendu. Aka sami tankar fetur, ta kama da wuta, wutar ta bi ayarin tun daga kai har wutsiya, harsasan da ke ciki suna ta tashi. Mutane da yawa sun ƙone a wurin, kuma ba sai an gaya mana daga wane yanki yawancin sojan wannan ayari suka fito ba. Gawarwakin motocin sun daɗe a bakin hanya, iyayenmu da suka dawo bayan yaƙi sun gan su.

Akwai wani makami da ya kamata 'yan gwangwan su san shi fiye da kowa, domin da irin hajarsu aka yi shi. Sunansa ogbunigwe, ma'ana mai kashe jama'a da yawa, sojoji kuma suna ce masa bokitin Ojukwu. Da aka toshe wa Biyafara teku, sai injiniyoyinta da malaman kimiyya na jami'ar Nsukka suka haɗu a wani sashe na bincike da ƙere-ƙere, suna tace mai a daji, suna lulluɓe tarakta da faranti su mayar da ita motar sulke. Ogbunigwe shi ne fitaccen aikinsu: mazubi ne na ƙarfe kamar bokiti ko ɗan ganga, a zuba albarushi, a cika da ƙusoshi da guntayen ƙarfe da tsakuwa da fasassun kwalabe, a binne a bakin hanya a ja waya. Akwai na binnewa, akwai na jifa, akwai mai tashi kamar roka. Haɗarinsa a yau shi ne bai yi kama da makami ba. Harsashin igwa ko yaro ya gan shi zai iya zargin wani abu, amma wannan tsohon bokiti ne mai nauyi, irin wanda mai baro zai yi murna da samu.

Da zaman lafiya ya dawo, Janar Gowon ya ce babu wanda ya ci babu wanda aka ci, iyayenmu suka fara dawowa da ɗaiɗai. Abin da ke saman ƙasa an kwashe shi sannu a hankali, musamman bayan 1976 da aka ƙirƙiro Jihar Imo, Owerri ta zama babban birni, gine-gine suka tashi. Wani ya tafi wajen maƙera, wani ya tafi kamfanin narka ƙarfe ya dawo a matsayin rodi, ta yiwu ma yana cikin dakalin da muke zaune a kai. Gaskiya ɗaya ce, in ana lissafin waɗanda suka auna tarihin nan a kilo, ba za a rasa namu a ciki ba. Ɗan abin da ya tsira yana gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia, wanda aka ƙaddamar a 1985 a wurin da gidan rediyon Biyafara ya ɓuya a ƙarƙashin ƙasa. A can za ka ga jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny a kan tudu, da jiragen sama ƙirar Rasha da tarayya ta yi amfani da su, da motocin sulke na Ingila, da waɗanda Biyafara ta ƙera da hannu, da ogbunigwe iri-iri. A cikin garin kuma akwai gidan ƙarƙashin ƙasa da Ojukwu ya zauna. Tafiyar sa'a guda ce da ɗan wani abu daga nan, amma mu tambayi kanmu, mutum nawa ne a unguwar nan suka taɓa zuwa? Mu kanmu sai da muka haura arba'in muka leƙa, alhali muna ratsa Umuahia tun muna yaran shago.

Na ƙarƙashin ƙasa kuwa shiru aka yi da shi shekaru kusan arba'in, sai dai a ji manomi ya rasa ƙafa, ko yara sun tsinci wani abu suna wasa da shi. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Ottawa ta hana nakiyoyin binnewa a 2001, a 2009 Ma'aikatar Tsaro ta sa ƙwararru suka fara bin jihohin da aka yi yaƙin da irin wannan na'ura suna tonowa. Ran 30 ga Oktoba 2017, a gaban kotun ECOWAS da ke Abuja, gwamnatin tarayya ta amince za ta biya naira biliyan 88, wato biliyan 50 diyya ga waɗanda abin ya shafa, biliyan 38 kuma don ƙarasa kwashewa. A takardun wannan shari'a an bayyana cewa an riga an tono an lalata bama-bamai sama da 17,000, akwai wasu 1,317 masu rai da ke ajiye a lokacin a nan cikin Owerri, an kuma tantance mutum 493 da suka jikkata. Tunda har aka ware kuɗin ƙarasawa, ai kun san aikin bai ƙare ba ke nan.

Yaranmu kan ce abin da ya shekara hamsin a ƙasa ai ya mutu. Akasin haka ne. Kwanon waje ne ke ruɓewa, sinadarin ciki yana nan, kuma 'yar ƙusar da ke riƙe da kunamar kan harsashin ita ce tsatsa ke fara ci. Sabo yana jure jifa a bayan mota, tsoho kuwa girgiza kaɗan ta ishe shi. Sai ku duba yadda ake aiki a filin gwangwan: a daka da guduma a raba baƙin ƙarfe da tagulla, a yanka da wutar gas, a tara waya a cinna mata wuta don roba ta narke. Harsashin babbar igwa kuma yana da zoben jan ƙarfe a gindinsa, wanda shi ne daidai abin da mai guduma zai so ya ɓamɓare. A ƙasar Beljiyam, inda aka yi yaƙin 1914 zuwa 1918, har yanzu manoma na tono irin waɗannan da garma, su jera a bakin gona sojoji su zo su kwashe, fiye da tan ɗari a kowace shekara, kuma lokaci-lokaci yana kashe mutane. Nasu ya haura shekara ɗari bai mutu ba, balle namu.

Maganar cewa Turawa na yin wannan sana'a, gaskiya ne suna yi, amma matashin namu rabin labarin ya ji. A Ingila ba ka isa ka shiga gonar wani da na'ura ba sai da izinin mai gona, wuraren tarihi da hukuma ta killace kuwa laifi ne, kuma dokarsu ta 1996 ta ce wanda ya tsinci abin da ya kai a kira shi taska dole ya sanar cikin kwana 14. Masu ilmin abin kuma ba don sayarwa suke tonowa ba. Alal misali a Amurka akwai wani fagen fama da ake kira Little Bighorn, inda 'yan asalin ƙasar suka hallaka rundunar Custer a 1876. Gobara ta cinye ciyawar wurin a 1983, sai masana suka shiga da na'urori a 1984 da 1985. Duk kwanson da suka samu sai sun kafa tuta sun rubuta daidai inda yake kafin su ɗaga. Da yake kowace bindiga tana barin tabonta a gindin kwanso, sai suka iya bin sawun bindiga ɗaya daga wannan tudu zuwa wancan, har suka gane yadda faɗan ya gudana, kuma abin da suka gano ya fi dacewa da labarin da 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna bayarwa. Kun ga ke nan darajar kwanso tana wurin da ya faɗi ne. Da zarar an zuba shi a buhu an haɗa da dubu irinsa, ya zama kilo kawai. Abagana da Uli da hanyoyin Owerri suna jiran irin wannan aiki daga jami'o'inmu, in buhu bai riga su ba.

A nan gida ma akwai doka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana tono don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar, ta kuma hana cinikinsu da fitar da su waje barkatai. Harsashi da bam kuwa, ko sun yi tsatsa, dokar makamai ba ta san tsufa ba.

Da aka yi wannan muhawara a majalisar bayan la'asar, wani ya ce ai tsintuwa ce, tsintuwa kuwa halal ce. To mu ba malamai ba ne, ɗan abin da muka karanta a Islamiyya ne, malamanmu na unguwa sa gyara mana. Abin da muka sani, tsintuwa ana cigiyarta shekara guda, ba a sa ta a aljihu a wuce. Abin da aka binne kuma wanda ake kira rikazi, ana nufin dukiyar mutanen jahiliyya ce da ba a san mai ita ba, a fitar da humusi, kuma a mazhabarmu in ƙasar tana da mai ita, ragowar nasa ne, ba na mai tono ba. To a ƙasar Ibo ina ƙasar da ba ta da mai ita? Duk wanda ya zauna a nan ya san ko dajin da ka ga kamar ba kowa, na wani dangi ne, kuma sun san iyakarsa bishiya-bishiya. Mutanen nan suna iya yafe maka bashi, amma ba sa yafe taɓa ƙasa. Balle kuma ƙasar da 'yan'uwansu ke kwance a ciki, domin a lokacin yaƙi inda mutum ya faɗi nan ake turbuɗe shi, da bel ɗinsa da hular kwanonsa. Na'urar za ta yi ƙara a kan ƙarfen bel, digar kuma ta sauka a kan ƙashi. Na Ibo ne ko na wani ɗan Katsina da uwarsa ta mutu tana jiran dawowarsa, babu mai iya bambancewa, kuma addininmu bai yarda a tone ko wanne ba.

Sai kuma halin da muke ciki. Kowa ya san yadda tsaro ya kasance a yankin nan tun daga harin da aka kai gidan yari da hedkwatar 'yan sanda na Owerri ran 5 ga Afrilu 2021. A irin wannan yanayi, a ce an tare yaro Bahaushe a shingen bincike da buhun kwanson harsashi, ko 'yan banga su gan shi a dajin wani ƙauye da na'ura a hannu da belun sauraro a kunne, wa zai tsaya jin bayanin kayan tarihi? Kafin a kira Sarkin Hausawa labari ya riga ya zaga wayoyi da wata siffa daban, kuma ba shi kaɗai zai biya ba. Mai shayi da mai nama da mai gyaran takalmi da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, su ne za su kwana a firgice.

Saboda haka dattawan ƙungiya suka kira matashin suka ba shi haƙuri, babu wanda ya sa ko sisi a wannan tafiya. An kuma roƙi shugabannin 'yan gwangwan su gaya wa yaransu, duk wanda ya ga ƙarfe mai wutsiya, ko mai tsini kamar kan alƙalami, ko mai zane kamar abarba, ko rufaffen bokiti mai nauyi da waya a jiki, kada ya saya, kada ya ɗaga, kada ya jefa a ruwa. Ya sa alama, ya kori yara, ya sanar da mai gonar da shugabansa, su kuma su kai magana ga 'yan sanda.

Haka aka yi da na cikin sikelin nan. Aka watse daga filin, aka sanar da Sarki, Sarki ya sanar da hukuma, masu kwance bam suka zo suka ɗauke shi cikin yashi. Mai wurin ya sha tambayoyi, amma da yake shi ya kai kansa, a gida ya kwana. Yaron baro ya raka su gonar da ya sayo kayan, suka zaga da tasu na'urar.

Bayan kwana biyu muka koma muka sami dattijon nan a bakin ƙofar da yake gadi, muka ce, "Baba, ashe a nan ka yi yaƙi?" Ya ce yana cikin waɗanda aka rufe a garin nan a 1969, yana ɗan shekara ashirin da ɗaya, kuma da aka sallame shi daga soja ya je gida bai iya zama ba ya dawo. Ya ce akwai wani wuri a hanyar Fatakwal da suka binne abokansa uku a rami ɗaya cikin dare, ba wanka ba likkafani, shi ya yi musu salla a tsaye da bindiga a kafaɗa. Da can yana gane wurin da wata bishiyar kwakwar manja mai kai biyu. Yanzu an sare ta an gina gidan mai, amma duk sanda ya wuce a mota yakan yi musu addu'a daidai wajen famfo na biyu.